Tsakar Gidan Gwaggo: Sunayen 'Ya'ya Mata

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini nan Jidda a wannan watan, yawancinsu a kan sunan 'ya mace suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Waɗanda suka tambayi maganar lefe da sadaki su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Gwaggo, ina da tsohon ciki, kuma likita ta ce mace ce. Maigidana ya ce sunan mahaifiyarsa zai sa, Hauwa'u, wadda kowa ke kira Hajiya Jidda. Ni a nan garin aka haife ni, amma ban taɓa sanin abin da ya haɗa Hauwa'u da Jidda ba. Sannan da wane baki zan riƙa kiran sunan surukata a tsakar gida? Daga wata 'yarki a unguwar Karantina.

Amsa: 'Yata, Allah ya sauke ki lafiya. Abin da ya haɗa su yana nan kusa da ke, ko motar haya ba sai kin daɗe a ciki ba. A gefen tsohon gari, wajen Ammariyya, akwai maƙabartar da mutanen nan ke kira Maƙabartar Ummuna Hauwa. Tun ƙarnoni da suka wuce matafiya ke rubuta cewa mutanen Jidda suna nuna wani dogon kabari a wurin suna cewa na Nana Hauwa'u ne, matar Annabi Adamu. An taɓa gina masa ƙubba, aka rushe ta a shekarar 1928. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ce a nan aka binne ta, don haka kada ki je neman tabarruki. Amma labarin ya bi alhazai zuwa gida. Kakanninmu da suka taho a ƙafa ta Sudan, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin, a Jidda suke fara taka ƙasar Hijaz, kuma abin da ake fara nuna musu ke nan. Da suka koma Kano da Katsina da Damagaram, sai kowace Hauwa'u ta zama Jidda ko Maijidda, wato mai garin Jidda. Wasu ma suna cewa sunan garin daga “jadda” ya fito, wato kaka, ko da yake masana lugga sun fi karkata ga “judda”, gaɓar teku.

Ni wannan laƙabi yana taɓa mini zuciya, domin tarihinmu ne a cikin kalma ɗaya. Mutumin da ya shekara biyu ko uku a hanya, yana noma a gonakin mutane don ya sami guzuri, ya koma gida da sunan tashar da ya sauka, ya sa wa 'yarsa.

Sunan Hauwa'u kansa bai zo a Alƙur'ani ba, can “matarka” da “matarsa” aka ce. A hadisi ya zo, a Buhari da Muslim. Malamai suna danganta shi da rayuwa, saboda ita ce uwar duk wani mai rai daga cikin mutane.

Batun kunya kuwa, ai ba a kanki aka fara ba, kuma Bahaushe ya daɗe da yi masa magani. Sunan yanka daban, sunan kira daban. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ana ce mata Ummi, ko Mama, ko Uwani, ko Hajiya, ko Inna. 'Yan zamani sun ƙaro Walida, wanda shi ma uwa yake nufi. Ki zaɓi ɗaya tun kafin ranar suna, ki faɗa wa ƙannen mijinki su fara kiran ta da shi, domin laƙabin da aka fara ji a ɗakin mai jego shi ke bin yarinya har gidan miji. Shawarata kada ki yi jayayya da maigidanki a kan wannan. Tsohuwar da aka yi wa takwara ba ta mantawa, kuma yarinyar za ta tashi da gata na musamman a wurinta.

Tambaya: Gwaggo, 'yata sunanta Asiya, shekararta huɗu. Wani maƙwabcina Balarabe ya ce mini Manzon Allah (SAW) ya canza wa wata mai wannan suna, don yana nufin mai saɓo. Hankalina ya tashi. In canza mata? Daga wani ɗanki a Shari'a Mansur, Makka.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Maƙwabcinka ya faɗi hadisi na gaskiya, amma ba a kan sunan 'yarka ba. Sunaye biyu ne a Larabci, bakinmu ne ya haɗe su. Akwai wanda ake rubutawa da ain da sad, shi ne mai saɓo. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa wata 'yar Sayyidina Umar tana da wannan suna, Annabi (SAW) ya mayar da ita Jamila. Akwai kuma wanda ake rubutawa da alif mai madda da sin, shi ne sunan matar Fir'auna, wadda ta raini Annabi Musa a gidan maƙiyinsa, wadda addu'arta ke aya ta 11 ta Suratut Tahrim, inda ta roƙi Allah ya gina mata gida a wurinsa a Aljanna. Annabi (SAW) ya ambace ta da sunanta tare da Maryam 'yar Imrana a cikin matan da suka kai kamala. Duk Bahaushen da ya sa wa 'yarsa Asiya, wannan yake nufi. Mu ba mu da ain da sad a harshenmu, shi ya sa wanda ya ji daga bakinka zai iya ɗauka ɗayan ne. Abin da za ka yi kawai, ka ɗauko takardar haihuwarta ka duba yadda aka rubuta da Larabci. In da sin ne, shi ke nan. In ma'aikaci ya yi kuskure ya sa sad, ka nemi gyara tun ba ta shiga makaranta ba.

Tunda ka taɓo canjin suna, bari in ƙara maka ɗaya da mutane ba su cika sani ba. Ba mummunan suna kaɗai Annabi (SAW) ya canza ba, har da wanda ya yi kyau fiye da kima. Zainab 'yar Jahsh, da Zainab 'yar Abu Salama, da Juwairiyya 'yar Haris, dukansu da farko Barra ake ce musu, wato mai yawan ɗa'a. Ya canza, ya ce kada ku tsarkake kanku, Allah ne ya fi sanin masu ɗa'a a cikinku. To ka ga Zainabu da Juwairiyya da muke sawa yau, sunaye ne da shi da kansa ya zaɓa.

Tambaya: Gwaggo, ni ɗaliba ce a Madina, shekarata goma sha bakwai. Sunana a fasfo da iƙama, wato katin zama a ƙasar nan, Talatu. Duk farkon shekara sai malama ta tsaya a kan sunan ta tambaye ni me yake nufi, 'yan aji su yi dariya. Na ce wa babana ya canza mini ya ƙi. Wai don Allah wannan suna ne na Musulunci? Me ya sa Hausawa ke sa irin waɗannan?

Amsa: 'Yata, na karanta wasiƙarki na ji zafin da ke cikinta, domin ina koyar da yara mata karatun Alƙur'ani a gida, kuma na ga masu irin sunanki suna sunkuyar da kai in an kira su. Bari in ba ki abin da za ki faɗa wa malamar.

Talatu ita ce wadda aka haifa ranar Talata. Talata kuwa kalmarsu ce, “sulasa”, mu muka aro. Duk ranakun mako bakwai daga Larabci muka ɗauko su, muka yi wa 'ya'yanmu suna da su: ta Lahadi Ladi ko Ladidi, ta Litinin Tani ko Altine, ta Laraba Larai ko Laraba ko Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Jumma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Su ma Larabawan suna yi. Ki tambayi 'yan ajinku ko ba su san wani Khamis ko Jum'a ba, ko Ramadan, ko Rajab, ko Sha'aban. Mu kuma muna da Azumi ga wadda ta zo a watan azumi, da Tasalla ga wadda ta zo ranar salla, da Marka ga wadda aka haifa ruwa na ta zuba a tsakiyar damina.

Akwai kuma sunayen da ke faɗin matsayin yarinya a ɗakinsu. Kande ko Delu, macen da ta biyo bayan maza. Gambo, mai bin 'yan biyu. Auta, ta ƙarshe. Kyauta, wadda ta zo bayan an daɗe ana jira. In kin ji tsohuwa a Kano ta ce “ina Kande?”, ta riga ta gaya miki yarinyar tana da yayye maza ba tare da ta faɗa ba.

Yanzu ki saurari wannan da kyau. Manyan sunayen da muke girmamawa, da yawansu haka suka faro. Khadija a asalin lugga ita ce wadda aka haifa watanninta ba su cika ba, bakwaini ke nan a wurinmu. Ki shiga kowane asibitin haihuwa a ƙasar nan, sashen jariran da ke cikin kwalba “khuddaj” za ki ga an rubuta, tushensu ɗaya. Rabi'a ta huɗu ce, kuma ana cewa Rabi'atul Adawiyya ta Basra don ita ce ta huɗu a 'ya'yan babanta mata aka sa mata. Fatima daga yaye ne. Juwairiyya 'yar ƙaramar yarinya. Sauda mai duhun fata. Babu wanda ya sa wa 'yarsa Khadija don yana so ta zo bakwaini. Matar da ta ɗauki sunan ce ta ɗaukaka shi, wadda ta fara yin imani, ta ba da dukiyarta, ta lulluɓe Annabi (SAW) ranar da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa. Shari'a ba ta ce dole suna ya zama na Larabci ba. Maryam ma, mace ɗaya tilo da Alƙur'ani ya ambata da sunanta har aka yi sura guda da shi, ba asalin Larabci ba ne. Abin da aka hana shi ne suna mai mummunar ma'ana, ko mai bautar da mutum ga wanin Allah, ko mai yabon kai. Talatu bai shiga ko ɗaya ba.

Inda zan goyi bayan mai son canji shi ne sunayen wabi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, a da takan sa wa wadda ta haifa Ayashe ko Ajuji, wai a nuna ba a damu da ita ba ko mutuwa ta ƙyale ta. Ina tausayin uwar da baƙin ciki ya kai ta ga haka, amma ba zan yarda a sa wa jikata ba, kuma wadda ke ɗauke da shi in ta canza ta yi daidai.

Ki kuma tambayi babanki cikin ladabi ko kina da sunan yanka. Yawancin masu sunan rana suna da shi, sai dai na rana ya danne shi. Ta yiwu sunan mahaifiyarsa ne yake jin nauyin faɗa, ta yiwu kuma Talatun ce sunan wata da yake ƙauna. Ki ji dalilinsa kafin ki sake roƙonsa.

Tambaya: An yi mana 'yan biyu mata. Dole ne Hassana da Usaina? Daga Jarwal, Makka.

Amsa: Barka, Allah ya raya. Ba dole ba ne, al'ada ce mai kyau da muka gina a kan jikokin Annabi (SAW), Hasan da Husaini, waɗanda su kansu ba tagwaye ba ne, wa da ƙane ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka haifa masa tagwaye a 1793, namijin ya sa masa Hassan, macen kuwa ya sa mata Asma'u. Ita ce Nana Asma'u da ta kafa 'Yan Taru ta karantar da matan karkara, ta rasu a 1864. Takwararta ita ce 'yar Sayyidina Abubakar da ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta guzuri a kogon Saur lokacin hijira, kuma dutsen Saur ɗin yana nan kudu da ku. Ko wane suna kuka sa, dangi za su kira su Hassana da Usaina, sai ku bar su.

Tambaya: Gwaggo, mun gaji da Binta da Dije da Indo. Ni da matata muna son suna na zamani irin na 'yan nan ƙasar. Ta kawo Rimas, Layan, Malak, Afnan da Tasnim. Wanne kika gani? Daga wani ɗanki mai aiki a Riyad.

Amsa: Ɗana, zan faɗa maka ɗaya bayan ɗaya, sannan in faɗi abin da ke raina.

Afnan rassan itatuwa ne, yana cikin Suratur Rahman a siffar gidajen Aljanna biyu. Tasnim marmaro ne a Aljanna, yana Suratul Muɗaffifin, ɗan'uwansa Salsabil yana Suratul Insan. Waɗannan ba su da laifi. Layan taushi ne da yalwar rayuwa, shi ma lafiya lau. Malak mala'ika ke nan, kuma malamai da dama a ƙasar nan sun ƙi a sa wa mace, saboda mushirikan Makka ne suka ce mala'iku mata ne, Alƙur'ani ya ƙaryata su a Suratuz Zukhruf. Rimas kuwa ka bar shi. A intanet za ka ga an rubuta masa ma'anoni masu daɗi, amma in ka buɗe ƙamus na Larabci, tushen da za ka tarar shi ne “rams”, kabari da ƙasar da ake turawa a kansa. Kuma kada matarka ta ɗauka duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta dace da suna. Hawiya da Laza suna ciki, sunayen wuta ne. Suna linzami ne, ba a sa shi don daɗin ji a kunne kaɗai.

Ka kuma tuna yarinyar nan wata rana za ta je gida. A nan Nura sunan mace ne, kuma babba, domin 'yar'uwar Sarki Abdul'aziz ce, wadda yake kirari da ita yana cewa shi ɗan'uwan Nura ne, jami'ar mata ta can Riyad ma sunanta ta ci. A Kano kuwa in ka ce Nura, namiji za a waiwayo a nema. Ka gwada sunan a bakin kakarta ta ƙauye kafin ka yanke.

Abin da ke raina shi ne waɗannan da ka ce kun gaji da su. Binta fa Fatima ce, daga “bintu”, 'yar Manzon Allah, kuma ita ce Zahra'u, ita ce Batula. Dije da Hadiza da Kubura duk Khadija ce. Indo da A'i da Shatu A'isha ce, wadda sahabbai manya ke zuwa tambaya a ƙofar ɗakinta. Abu Zainabu ce, Mairo Maryam, Rakiya Ruƙayya. Sadiya Halimatu ce ta Banu Sa'ad da ta shayar da Annabi (SAW), ƙauyukan danginta suna nan wajen Ɗa'if. Hajo Hajara ce, wadda duk mai umara yake bin sawunta tsakanin Safa da Marwa sau bakwai. Bilkisu muke ce wa mai gado, saboda Suratun Namli ta ce sarauniyar Saba tana da gadon mulki mai girma, ko da yake sunan nata daga masu tafsiri muka samo shi. Kowane ɗaya akwai mace a bayansa wadda za ka zaunar da 'yarka ka ba ta labarinta. Afnan kyakkyawa ne, amma ran da ta tambaye ka wa ta gada, rassa za ka ce mata. In tsofaffin da aka saba ne suka ishe ku, ga Sumayya wadda ta fara yin shahada a Musulunci, ga Nusaiba da ta tsaya da takobi ranar Uhudu, ga Rufaida mai jinyar waɗanda aka ji wa rauni, ga Khaula da Allah ya ji kukanta a farkon Suratul Mujadala. Ku yi mata sunan yanka da ɗaya daga cikinsu, Tasnim ko Layan ya zama na kira, kowa ya samu.

Tambaya: A gida rago ɗaya ake yankawa ranar bakwai, a yi aski. A nan an ce mace ba a yi mata aski, kuma asibiti suna tambayar suna tun kafin kwana bakwai. Yaya za mu yi? Daga wata ƙanwarki a Hindawiyya.

Amsa: Ƙanwata, ku ba su sunan, babu komai. Matar Imrana tana haihuwa ta ce na sa mata suna Maryam, Annabi (SAW) kuma ya sanar da sunan ɗansa Ibrahim a daren da aka haife shi. Raɗin suna da yanka da taron mata ku bar su ranar bakwai kamar yadda aka saba. Rago ɗaya ne ga mace a wurin kowa. Saɓanin a kan namiji yake, inda Malikiyya ke yanka ɗaya, mutanen nan kuma biyu. Aski ma saɓanin mazhaba ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Nana Fatima ta auna gashin Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa, shi ya sa muke yi wa mata. Hambaliyya sun taƙaita shi ga maza. Wanda kuka bi ya yi.

Abin da na fi so ki kula da shi takarda ce. Tsarin nan sunan mutum ɗaya ne, sai na uba, sai na kaka. In kuka rubuta A'isha Humaira, za a iya karanta Humaira a gurbin uba, haka Halimatu Sadiya da Fatima Zahra'u. Ku rubuta sunan yanka shi kaɗai. Kada ku sa laƙabin gida irin Binta ko Abu ko Kulu, domin kunnen Balarabe 'yar wane da uban wane da “ku ci” zai ji. Sannan ku tsayar da rubutu ɗaya na boko, ko Khadija ko Hadiza, ko Ruƙayya ko Rakiya, ya zama shi ne a takardar asibiti, da shaidar haihuwa ta Ahwal, wato ofishin rajistar jama'a, da fasfon da za ku yi mata a ƙaramin ofishin jakadanci na nan Jidda. Maigidanki ya rubuta shi da Larabci da boko a 'yar takarda ya sa a aljihu tun kafin naƙuda, ya miƙa wa duk ma'aikacin da ya tambaya ya kwafa.